Shida Cikin Ɗari

A hawa na bakwai, a Ulaanbaatar,
hayaƙin gawayi ya shafe taga,
ni kuwa ina ƙirgen matattu.
Ba mutane ba: tumaki, awaki, dawaki,
da shanun nan masu gashi har ƙasa.

Alƙaluman shekara talatin da ɗaya
sun jeru gabana kamar haƙora,
nan da can akwai giɓi.
Daga cikinsu na tatso ƙa'ida:
in ɗari ya kashe shida cikin ɗari
na dabbobin gunduma, inshora za ta biya.
In bai kai ba, kowa tasa ta fisshe shi.

Na yi alfahari da wannan layi.
Ba sai an aika mai duba gawa ba,
ba wanda zai ɓoye raguna bayan dutse
ya zo yana kukan ƙarya.
Kuɗin shiga ya yi sauƙi,
har mai akuya ashirin ya iya saya.

Bana ƙanƙara ta sauka kan ƙanƙara,
ta daskare, ta kulle ciyawa.
Da watan huɗu ya kama, lissafi ya fito:
biyar da ɗigo takwas.

Ran Talata waya ta yi ƙara.
Tserendulam ce, daga wani kwari a Zavkhan,
ta hau tudu don ta sami layi,
iska na yanka mata magana gunduwa-gunduwa.
Ɗari biyu da goma sha biyu ta shiga sanyi da su.
Sittin da tara suka fito.
Ta ce ta kwana da 'yan raguna cikin tanti,
ta rufe goɗiya da bargon mijinta marigayi,
duk da haka.

Na ce, Inna, matsakaici muke dubawa.
Ta ce, wane ne shi? A wane kwari yake kiwo?
In ya zo gari, ka ce ya biyo,
ina da fatu da yawa na sayarwa.

Layin ya yanke.

Daren nan ban koma gida ba.
Na buɗe tsohon jadawali,
na sami kwarinta a shekaru huɗu dabam-dabam,
ɗigo ne can sama, shi kaɗai, nesa da garke,
da hannuna na share shi
na rubuta a gefe: wataƙila kuskuren mai ƙirga.
Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Iskar arewa ta can take shiga,
kamar ruwa a mazurari.

Matsakaici riga ce da aka ɗinka
da awon dukan gari.
Kowa ya saka, ba wanda ta yi wa daidai.

Da safe na kai wa Gombosuren sabon lissafi:
a raba gundumar uku, tudu da kwari da fili.
Ya karanta, ba mugu ba ne,
ya ɗauki biro ya nuna min ƙasan takarda.
In an raba, in ji shi, kuɗin kwari zai ninka biyu.
Wa zai saya? Ita?
Ka gyara gaskiya, ka kori mai ita.

Mun yi shiru. Shayi ya huce, gishirinsa ya kwanta.

Yanzu ina neman wata hanya:
ko fili ya ɗauki kaɗan daga nauyin kwari,
ko hoton ciyawa daga sama ya zama shaida,
ban sani ba tukuna.
Na dai mayar da ɗigon nan huɗu wurinsu.
Layin ya karkace, ya yi muni,
ba zai burge kowa a taro ba.

Yiwuwar irin wannan sanyi, in ji na'ura,
sau ɗaya ce a shekara goma sha biyu.
Ban faɗa mata ba.
Ita ta gan shi sau biyar,
kuma ba ta taɓa share ko ɗaya ba.